Ɗamarar Dalmar Malsun

Ranar da Bu Okhwa ta fara goya tukwanen iska biyu a bayanta, sai da ta zauna daɓas a kan simintin bakin ruwa kamar an hankaɗa ta. Matar da ta shekara arba'in tana ɗauko raga cike da dodon koɗi daga teku ba ta taɓa cewa a kama mata ba, yau ga ta ƙafafu a sama, Dohyon, malamin nutson nan ɗan Seoul, yana ta faman haɗiye dariya.

"Yi abarka, kar ta kumbura maka ciki," ta ce.

"Ni ban yi dariya ba, Samcun," in ji Dohyon. Ya daɗe a tsibirinmu na Jeju har ya iya kiran kowane babba Samcun, mace ko namiji, yadda muke yi. Ya miƙa mata hannu, ta ƙi kamawa. Ta durƙusa, ta dafa gwiwa, ta miƙe da kanta tana nishi.

Kowa a garinmu ya san abin da ya kai ta shagonsa. Okhwa cikin matan teku take, masu nutso da numfashinsu kaɗai, ba tukunya ba tiyo, kuma tana cikin 'yan kaɗan da ke kai gaba goma ƙasa. Matan teku bibbiyu suke aiki. In ɗaya ta nutse, ɗayar tana kwance a kan gorar da ke riƙe ta a saman ruwa, fuska cikin ruwa, tana kallo. In ta ƙasan ta fito ta saki fiton nan da muke fitar da numfashi da shi, ta saman takan mayar mata da nata, sannan su yi canji. Abokiyar Okhwa tun suna 'yan mata ita ce Malsun, wata 'yar siririya mai bakin tsiya, wadda ba ta iya ganin mutum ta ƙyale shi. Bara, lokacin furen rawaya, suna aiki a Bakin Rami, inda dutse yake yankewa ya faɗa cikin zurfi, Malsun ta nutse don ɓamɓaro wata kawa, irin koɗin nan mai manne wa dutse. Okhwa ta ga tafin ƙafarta yana yin ƙasa. Ruwa ya juya a lokacin, irin juyin da ba ya sallama, Malsun kuwa ba ta fito ba.

Okhwa ta yi ta nutso a ranar har jini ya ɓalle mata ta hanci, sai da aka ɗaure ta da igiya a cikin jirgi. Garin ya daina shiga teku kamar yadda aka saba in ruwa ya ci wani, matan garuruwan maƙwabta suka zo taya nema, har aka gaji. Kabarin Malsun da ke gefen gonar lemo ba komai a cikinsa sai riga da takalmi.

Da kaka ta yi, Dohyon ya zo ɗakin canza kayan matan, ya tsaya daga waje yana murza hula. Masu tukunya ba su da farin jini a wurinmu. Yarjejeniyar da aka yi da su ita ce su shiga ruwan garin su kalla, su fito hannu rabbana, ko ɓawon koɗi kar su taɓa. Ya nuna wa Okhwa hoto a waya. A kan wani ɗan tudu a bangon Bakin Rami, gaba talatin ƙasa, ga ɗamarar dalma, irin wadda matan ke ɗaurawa a ƙugu don nauyinta ya kai su ƙasa, ta maƙale a dutse, an ɗaure dalmominta da jan ƙyalle. Duk garin mace ɗaya ce take ɗaure dalma da jan ƙyalle, wai don kifi su san ta yi kwalliya.

"Ban taɓa ba," ya ce. "In kun ba ni izini, gobe na ɗauko."

Okhwa ta daɗe tana kallon hoton. "A'a. Ni na ga shigarta, ni zan ga fitarta. Koya mini abin nan naku."

Ya yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye. Gaba talatin ba wurin wasa ba ne, sai an yi karatun zurfi na musamman, kuma ba a karɓar kowa a karatun sai ya iya tukunya biyu. Ta yi na tukunya ɗaya cikin sanyin hunturu, yanzu ga ta a na biyun, wanda shi ne ƙofa.

Matan teku kuwa ba su raga mata ba. Duk safiya in ana shafa sabulu a rigunan roba ana shan garin maganin ciwon kai, sai wata ta tanka.

"Ga ta nan, 'yar makaranta. An ba ki aikin gida?"

"Wai biyu take goyawa yanzu. Okhwa, tagwaye kika haifa da tsufanki?"

"Ku bar ta, numfashinta ya ƙare, sai na kanti."

Yang, shugabarsu, wadda ta haura tamanin kuma har yau tana shiga ruwa, ba ta taɓa sa baki a tsokanar ba, sai dai ba ta hana ba. Sau ɗaya ta tsayar da Okhwa a bakin ƙofa ta ce, "Uwarki da numfashinta ta shiga, da shi ta fito. Teku ta san mu da haka." Okhwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ji, Samcun," ta hau ɗan babur ɗinta ta nufi shagon Dohyon. Maganar ta yi mata ciwo fiye da duk dariyar, don ta san ba ƙarya a ciki.

Aikin tukunya biyu kusan duk a bayan ƙeya yake. Tukwanen a haɗe suke da wani ƙarfe, da famfo uku: na dama, na hagu, da na tsakiya mai raba su. Tiyo biyu ne na shaƙa, ɗaya a baki, ɗaya rataye a wuya.

"Can ƙasa in abu ya lalace, ba ki da damar gudowa sama," Dohyon ya ce mata. "Jininki ya riga ya sha iska, dole ki hau a hankali kina tsayawa a hanya, in ba haka ba ki shanye ko ki mutu. Shi ya sa komai biyu ne. In gefe ɗaya ya fashe, ki kai hannu baya ki rufe shi, ki koma ɗayan, shi zai kawo ki gida. Ba wanda zai rufe miki. Da hannunki za ki yi, ido ba ya gani."

"To me ye wahala a rufe famfo? Kullum ina rufe na kicin."

Ta ɗaga hannun dama, ya kai. Ta ɗaga na hagu, ya tsaya a daidai kunne ya ƙi gaba, wani zafi ya tsarga mata har haƙori. Kafaɗar nan ce ta sha igiyar raga tun tana budurwa, ta riga ta ƙage.

Wata biyu ta yi tana yaƙi da kafaɗar. Ta rataya tawul a ƙofa tana ja, ta je wurin mai allura a birni aka yi mata kamar bushiya, ta riƙa manna ganyen zafi har fatar ta saɓule. In ta zauna cin tuwon sha'ir da miyar ganyen teku, hannun hagu na bayan wuya. Jikarta ta ɗauka wata sabuwar rawa ce. A ruwa kuwa ba ta da matsala, sai ma Dohyon ya riƙa tsayawa yana kallonta. Takan kwanta a tsakiyar ruwa shame-shame, ba sama ba ƙasa, ko yashi ba ta tayarwa, abin da ɗalibansa samari kan yi shekara suna nema.

Abu ɗaya ne ya dame shi, ya kuma faɗa mata tun ranar farko. Iskar da aka shaƙa a ƙasa matsattsiya ce. In mutum ya riƙe ta a ƙirji ya yi sama, kumbura take yi har ta yaga huhu, ko da a ruwan da bai kai tsayin ɗaki ba. Saboda haka mai tukunya ba ya riƙe numfashi, ko na ƙiftawar ido. Okhwa ta ce ta ji. Amma sau da yawa yakan duba ya ga ba kumfa a kanta, ta yi tsit tana kallon wani rami a dutse, ƙirji a cike, baki a rufe. Sai ya ƙwanƙwasa tukunyarsa da ƙarfe, ta farga ta saki.

"Samcun, kin sake."

"Mantuwa ce."

"Ba mantuwa ba ce, jikinki ne yake yin abin da ya sani."

"To ka faɗa wa jikin, ni na gaji da faɗa masa."

Ranar da yatsunta na hagu suka fara kama famfon, ta yi ihu cikin tiyo har ruwa ya shiga mata gilashin fuska. Ta fito ta saya wa Dohyon dafaffen naman alade da giyar shinkafa, ta zauna tana kallonsa yana ci kamar ɗanta. A ranar ce kaɗai aka ji ta ambaci sunan Malsun da dariya. Ta ce da Malsun tana nan da ta ce, "Yaya, kin yi kama da kunkurun da ya saci tukunyar gas."

Gwajin ya faɗo wata safiya mai haske, teku kwance lumui. Suka sauka kan yashi a bayan katangar jiragen ruwa, wurin bai fi gaba biyar ba. Dohyon ya yi mata alama ta fara. Ta kai hannu ta rufe na dama, ta cire tiyon baki ta sa na wuya, lafiya lau. Abin da ya rage ta buɗe na daman tukuna kafin ta taɓa na hagu. Amma hankalinta duk yana kan kafaɗar nan, tana tsoron kar ta ba ta kunya a gaban yaro. Ta tsallake, ta miƙa hannun hagu, ta kama famfon, ta murɗe shi da murna har ƙarshe. Duka biyun suka zama a rufe.

Kuskure ne da ɗalibai ke yi kullum, shi ya sa Dohyon yake gabanta da nasa tiyon a hannu. Ɗalibi in iska ta yanke masa, ido yake zarowa ya wawuri na malam, shi ke nan an wuce wurin. Okhwa ba ta tsorata ba, kuma rashin tsoron ne ya cuce ta. Da ta ji iskar tana yin tauri, sai ta ja ragowar ta cika ƙirji, ta rufe baki, ta ɗaga kai ta ga haske, ta buga ƙafa ta yi sama cikin natsuwa, yadda ta yi sau dubbai tun tana 'yar shekara goma sha.

Dohyon ya cafko ta a idon sawu ya fizgo. Ta dube shi da mamaki, me yaron nan yake yi? Ya kama ɗamarar kafaɗarta, ya tura mata tiyo a baki, haƙoranta a datse. Sai ya dunƙule hannu ya danna mata a ciki da ƙarfi. Iskar ta fito bal-bal-bal, mai yawan da ita kanta ta ba ta tsoro. A nan ta gane abin da ta yi.

Suka fito suka zauna a kan siminti. Ya haɗa mata kofi a kofin takarda ya miƙa mata. Ita ce ta fara magana.

"Famfon na manta. Gobe sai a sake."

"Famfon ba komai ba ne, Samcun. Kowa yana mantawa."

"To?"

"Kin yi sama."

"Sau ɗaya!"

"A gaba talatin sau ɗayan ne kawai ake samu." Ya share fuska da tafin hannu. "Kafaɗa na iya jira ta warke. Wannan ban san yadda ake cire shi ba. Shekara arba'in yana ceton ranki, ba zai bar ki don na yi magana ba. Ba zan sa miki hannu ba, kuma duk malamin da kika je wurinsa a tsibirin nan, zan kira shi in faɗa masa."

Okhwa ta miƙe tsaye. "Kai wane ne? Yaushe aka haife ka? Ina cikin tekun nan uwarka ba ta san ubanka ba!"

"Haka ne."

"Ni za ka hana in je wurin 'yar'uwata?"

"Ni zan hana," ya ce, idonsa ya yi ja. "Ba zan zo ɗakinku da hoton ɗamara ta biyu ba."

Ta watsar da kofin a ƙasa ta tafi, ko kayanta ba ta wanke ba.

Kwanaki ba ta fita ba. Ba ta shiga teku da matan ba, ba ta je shago ba. Takan zauna a tsakar gida jikin katangar baƙin dutse tana tsinke tafarnuwa, hawaye na zuba a kan hannunta ba ta sharewa. Baƙin cikin rasa Malsun daban, wannan daban. Wancan teku ce ta yi mata. Wannan kuwa jikinta ne, abin da ta fi alfahari da shi a duniya, shi ya tsaya tsakaninta da ƙawarta. Ta yi fushi da Dohyon har ta gaji, kuma duk fushin ba ta samu inda ya yi ƙarya ba.

Yang ta zo ta same ta a haka, ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta ja kwandon tafarnuwa gabanta.

"An ce yaron ya kore ki."

"Sai ku yi dariya ku more."

"Ba wadda ta yi." Tsohuwar ta ɓare ƙwaya biyu kafin ta ƙara. "Na ji abin da kika yi a ƙasa. Ni ma shi zan yi. Duk cikinmu ba wadda ba za ta yi shi ba." Ta tashi tana dafa ƙugu. "Malsun dai tana can tana jin sanyi, ke kina nan kina jin kunya. Sai ki zaɓi wadda ta fi."

Washegari Okhwa ta je shagon. Dohyon na cika tukwane, ya kashe injin da ya gan ta. Ba ta gaishe shi ba.

"Ka ce in kun taso daga zurfi kuna tsayawa a hanya."

"E, Samcun."

"Tsayawar ƙarshe a ina take?"

"Gaba uku kafin saman ruwa. Ita ce mai daɗewa, nan mutum yake rataye a igiya har ya gaji da kansa."

"Gaba uku," ta ce, ta taɓe baki. "Jikata ma tana kai gaba uku. To ka saurara. Kai ka ɗauko ta daga can. Amma ba kai za ka fito da ita ba."

Suka sa rana lokacin da ruwa ke kwanciya tsakanin cika da janyewa. Okhwa ba ta gayyaci kowa ba, amma da jirgin Dohyon ya isa Bakin Rami, gorori masu ruwan lemo sun riga sun cika wurin. Matan garin ne kaf, har da waɗanda suka daina nisa da gaɓa, kowace kwance a kan gorarta, ba mai raga, ba mai ƙarfen ɓamɓarar kawa. Ba wadda ta yi tsokana.

Kafin ya faɗa ruwa, Okhwa ta ba shi dunƙulen shinkafa naɗe cikin farar takarda, irin wanda muke jefa wa Sarkin Ruwa da waɗanda teku ta riƙe.

"Kullum daga sama muke jefawa, ba mu san inda yake sauka ba. Wannan ka ajiye shi da hannunka a inda ka ɗauke ta. Ka ce in ji Yayarta."

Ya sa shi cikin aljihun cinya, shi da abokin nutsonsa suka bi igiya suka yi ƙasa. Okhwa ta kwance tata ɗamarar dalmar ta bar ta a jirgi, don ba za ta iya hawowa da nauyi biyu ba. Ta shiga ruwa ta rungume gora, ta kifa fuska. Ta ga tukwanensu suna ƙanƙancewa har shuɗin ya haɗiye su, saura kumfa. A daidai wurin nan ta kwanta bara. Ta yi ta kallon kumfar, in ta ɗan yanke sai ta ji kamar ranta zai fita.

An daɗe. Can sai ga inuwa biyu suna tasowa a hankali, su tsaya, su matso, su sake tsayawa. Da suka iso tsayawar ƙarshe, Dohyon ya kama igiya da hannu ɗaya, ya ɗaga kai ya dube ta. Akwai abu a rungume a ƙirjinsa.

Okhwa ta ja numfashinta na kanta, ta saki gora, ta bi igiya da hannu tana jan jikinta ƙasa. Ta iso gabansa. Ya miƙo mata da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu.

Gansakuka ta rufe dalmomin, jan ƙyallen ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Ita dai ba wannan ta gani ba. Ɗamarar a ɗaure take. Ba a kwance ta ba, ƙullin nan na Malsun mai kunne biyu yana nan yadda ta yi shi a ɗakin canza kaya da safen nan tana zagin sanyi. Zagaye ne ɗan ƙarami, daidai ƙugun Malsun, ba kowa a ciki.

Ta zura hannun hagu cikin zagayen har kafaɗa, ta manna shi a ƙirji. Nauyin ya ja ta ƙasa, Dohyon ya kai hannu zai tallafa, ta girgiza kai. Ta buga ƙafa, ta sake bugawa, baki a rufe, ƙirji a cike, ta yi sama a hankali da ƙawarta.

Ta huda ruwa ta kama gora, ta saki fito mai tsawo, ya bi kan teku har bakin dutse. Sannan ta yi shiru, ta karkata kai gefen dama, inda amsa ta saba zuwa. Matan duk sun san abin da take jira, ba wadda ta yi fito a cikinsu. Suka bar ta ta jira.